Rigar Da Na Saƙa Sau Biyu

 Sa'ad da aka ce kowane ɗan aji shida ya rubuta abu guda da ya koya a shekarunsa na makarantar nan, na daɗe ina tunani. Waɗansu sun zaɓi wasanni, waɗansu muhawara, waɗansu kuma ɗakin gwajin kimiyya. Ni kuwa na zaɓi in ba da labarin wata rigar sanyi marar hannu, mai kama da falmaran, wadda na saƙa wa babana da kwarashi a hunturun 2023, ina aji huɗu. Sau biyu na saƙa ta. Dalilin da ya sa haka shi ne abin da nake so in faɗa muku.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da garin Tudun Wada, a kan hanyar da ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta bi ta dajin Falgore zuwa Jos. Duk wanda ya kwana a wajenmu a watan Disamba ko Janairu ya san sanyin da nake nufi. Iskar hunturu takan taso daga hamada ɗauke da ƙura, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka. Mutanen Doguwa da ke zaune gindin duwatsun Riruwai sukan ce namu wasa ne, amma mu dai ya ishe mu.

Babana manomin shinkafa da masara ne. Kafin ciwonsa, ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda yakan ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai ya ɗora a mota. Ban taɓa ganinsa da rigar sanyi ba. Yakan ce aiki shi ne bargon talaka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "Uwata".

A watan Agusta na 2023, muna cikin dogon hutu, Baba ya faɗi a gona yana cire ciyawa. Aka kai shi asibiti a Kano, ya yi mako uku a kwance. Likita ya ce hawan jini ne da ba a san da shi ba ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Ya bayyana wa Mama cewa kowane ɓari na ƙwaƙwalwa yana sarrafa ɓarin jikin da ke ɗaya gefen, shi ya sa ciwon da ya taɓa ɓarin dama na kan Baba ya kama masa hannu da ƙafar hagu. Ya dawo gida yana jan ƙafa, hannun hagu a rataye, magana kuma tana fita da nauyi.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daga ranar da ya dawo har na koma makaranta a watan Satumba, ban dube shi sosai ba ko sau ɗaya. Nakan durƙusa a bakin ƙofa, in gaishe shi kaina a sunkuye, in ajiye kwanon kunu in fita. Kowa ya ɗauka kunya ce irin ta 'ya mace ga mahaifinta, ni ma haka nake gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina so babana ya zauna a idona yadda na san shi.

Ranar ziyarar iyaye, farkon watan Nuwamba, Mama ta zo ita kaɗai. Ta ce sanyi ya soma shigowa, kuma ta sa an sayo wa Baba suwaita ta gwanjo daga Ƙofar Wambai, amma sa ta ya zama azaba. Sai an zura ta ta kai, a ɗaga hannun da ba ya motsi, a cusa shi cikin hannun riga mai tsauri. Likitan gashin ƙashi kuwa ya yi gargaɗi kada a riƙa jan wannan hannu, gama naman kafaɗar ya saki, ƙashin yana iya gocewa daga mazauninsa. Baba ya rantse ba zai ƙara sa ta ba. Ya koma zaman ɗaki cikin bargo, ba ya fita ko ƙofar gida, alhali an ce masa tafiya kullum ita ce maganinsa.

Da dare na kasa barci. Washegari na sami Malamarmu ta darasin tattalin gida na gaya mata. Ta ce, "Abin da yake bukata riga ce marar hannu, mai buɗewa ta gaba. Za ta rufe masa ƙirji da baya, inda sanyi ya fi cutarwa, ba tare da an wahalar da hannun ba. Kin iya riƙe kwarashi?" Na ce Goggo, ƙanwar Baba, ta koya mini tun ina firamare, amma ban wuce takalmin jarirai da shimfiɗar tebur ba. Ta ce wannan ya isa, domin rigar ba kome ba ce illa ƙyalle uku masu kusurwa huɗu: ɗaya babba na baya, biyu ƙanana na gaba. Babu hannun riga, wanda shi ne ke ba sabon shiga wahala.

Sa'an nan ta ce in kawo mata awonsa. Mama ta aiko cewa in nemi izini in zo gida ranar Asabar in auna shi. Na ce jarrabawa ta matso, kuma kuɗin mota ya yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar. Duka biyu gaskiya ne, amma ba su ne dalilina ba. Na roƙa a aiko mini da tsohuwar falmaran ɗin da Baba yake sawa a kan kaftani ranar biki. Goggo ta haɗo ta da zaren ulu ruwan toka da ta sayo a kasuwar Sabon Gari ta Kano, da kwarashi mai kaurin milimita 5. Na shimfiɗa falmaran ɗin a tebur na auna faɗinta, inci 24. Malama ta dube ni ta ce, "Wannan awon mutumin ne, ko awon rigarsa?" Na ce ai duk ɗaya ne. Ba ta ce kome ba.

Bari in bayyana yadda aikin yake, domin wanda yake so ya gwada. Abu na farko shi ne ɗan ƙyallen gwaji. Hannun kowa daban yake, wani yana matse zare, wani yana sakinsa, saboda haka ba a ari ƙidayar wani. Zaren da Goggo ta sayo siriri ne, sai na ninka shi biyu, na saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, na ɗora tef a kansa. Na sami ido 14 a faɗin inci 4, da layi 10 a tsawon inci 4. Wato ido uku da rabi ke nan a kowane inci. Ashe lissafin da muke gunaguni a kansa a aji yana nan yana jirana a bakin kwarashi. Inci 24 sau uku da rabi ya ba ni ido 84.

Ana farawa da sarƙa, gwargwadon yawan idon da ake so, a ƙara biyu na juyawa. Saƙar da Malama ta zaɓa mini iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe. A naɗa zare sau ɗaya a kan kwarashi, a soka cikin ido, a jawo zare, sai a ga madauki uku a kan kwarashi. A sāke naɗawa a jawo ta cikin ukun gaba ɗaya. Shi ke nan. In an kai ƙarshen layi a yi sarƙa biyu, a juya, a dawo. Wannan saƙa ba ta da manyan ramuka da iska za ta bi, kuma ba ta da taurin da zai hana riga lanƙwasa.

Kuskurena na farko shi ne tsallake idon ƙarshe na layi, gama yakan ɓuya a gefe. Bayan layi goma sai na ga ƙyallen yana tsukewa kamar bakin tulu. Na ƙidaya na sami 77 maimakon 84. Na warware na sāke. Daga nan na riƙa ɗaura ɗan jan zare a idon farko da na ƙarshe, ina kuma ƙidaya kowane layi kafin in juya. Abokan ɗakin kwananmu suka sa mini suna "Kaka". Wani ɗan ajinmu ya ce saƙa aikin tsofaffin mata ne. Malama ta tambaye shi ko bai taɓa ganin maza suna saƙa farar hula da kwarashi ba. Ta kuma gaya mana cewa kalmar kwarashi asalinta daga Faransanci take, ma'anarta ƙaramar ƙugiya, kuma a lokacin babbar yunwar da ta faɗa wa ƙasar Ayalan daga 1845, iyalai da yawa da saƙar kwarashi suka sami abin sawa a baki.

Mako biyar na yi ina saƙa, bayan karatun dare da ranakun Asabar. Da aka ba da hutun Kirsimeti, na gama bayan riga, layi 60, da ɓari ɗaya na gaba. Na naɗe su a ɗankwali na sa a ƙasan akwati, ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa.

Na isa gida da yamma. Da safe Goggo ta zo, ta buɗe saƙar ta duba gefenta, ta yaba. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, tashi mu gwada masa tun ba ki yi nisa ba." Muka shiga ɗakin Baba. Yana zaune a bakin gado cikin bargo. Goggo ta yaye bargon, ta ce in ɗora ƙyallen a bayansa. Babu yadda zan yi aikin nan kaina a sunkuye. Na ɗaga ido.

Ƙyallen da na yi domin baya kaɗai ya zagayo ta hammatarsa ya kusa rufe rabin ƙirjinsa. Kafaɗun da na sani sun zube. Ƙashin wuyansa ya fito, kaftanin da ke jikinsa yana reto kamar an rataye shi a ƙusa. Wata huɗu ke nan mutumin nan yana ramewa a gidanmu, ni kuwa ina can ina ƙidaya ido 84 domin wani mutum da ba ya nan. Ɗakin ya yi tsit. Na ji hawaye yana zuwa, na yunƙura zan fita.

Baba ya kama bakin zanena da hannun dama. Ya yi 'yar dariya da gefen bakinsa mai motsi, ya ce a hankali, "Uwata, wannan ta mutumin dā ce. Ɗauko tef ki auna wanda ya rage."

Na ɗauko tef ɗin hannuna yana rawa. Na ce, "Baba, ku ɗan ɗaga hannu." Ya ɗaga na dama. Na hagu kuwa Goggo ta nuna mini yadda ake tallafe shi daga gwiwar hannu, ba a ja daga yatsu. Ranar ce na fara taɓa hannun nan. Yana da nauyi, yana da sanyi, yatsun a dunƙule. Na zagaya tef a ƙirjinsa, inci 36. Na auna daga kafaɗa zuwa ƙugu, inci 24. Ina aunawa yana gaya mini inda ke masa ciwo da inda ba ya jin taɓawa ko kaɗan. A cikin minti goma na san halin da babana yake ciki fiye da abin da na sani a wata huɗu.

Mama ta ce a bar ƙyallen haka, a ninke gefe a ɗinke, kada wahalata ta tafi a banza. Goggo ta ce riga mai yawa iska take tarawa, ba ɗumi ba, kuma ninkin zai dame shi in ya jingina. Na zauna a tsakar gida na kama bakin zaren na ja. Aikin mako biyar ya warware kafin a sauke tukunyar rana. Ƙanena yana naɗe zaren a dunƙule, yana kallona yana jira in yi kuka. Ban yi ba. Abu ɗaya da kwarashi ya fi almakashi da shi ke nan: abin da aka saƙa ba daidai ba ana iya warware shi, zaren yana nan bai ragu ba.

Na sāke lissafi. Ƙirji inci 36, na ƙara 4 domin za a sa ta a kan kaftani, ya zama 40. Rabinsa 20, wato ido 70 na baya, da ido 35 ga kowane ɓari na gaba. A ɓarin gaba, na saƙa layi 30 a miƙe, daga nan na riƙa rage ido ɗaya a gefen wuya bayan kowane layi biyu, har ido 35 ya koma 20 a layi na 60. Wannan ne ya ba wuyan siffar tsini. Na ɗinke kafaɗu da babbar allura da zaren kansa. Na ɗinke gefuna daga ƙasa zuwa sama, na bar ƙofar hannu inci 10 a dama, inci 12 a hagu, domin hannun ya shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Na bi bakin gaba da wuya da layi huɗu, na bar ƙofofi huɗu, na sa manyan maɓallai waɗanda hannu ɗaya zai iya ɓallewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da tsohuwar falmaran za ta iya gaya mini.

Wannan karon a ɗakin Baba na yi saƙar, ina zaune a tabarma kusa da gadonsa. Hannuna ya riga ya saba, kuma babu karatun dare, don haka kwana goma sha biyu suka ishe ni. Shi ne yake riƙe mini ƙidayar layi. In na yi kuskure ya ce, "Arba'in da ɗaya ne, ba da biyu ba." Ya ba ni labarin yadda yana yaro aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974, da yadda mutane suka riƙa zuwa kallonta. Maganarsa tana da nauyi, amma da na zauna na saurara sai na ga ina gane kome.

Ranar 30 ga Disamba na yanke zaren ƙarshe. Muka bi ƙa'idar da likitan gashin ƙashi ya koya wa Mama: wajen sawa a fara da hannu marar lafiya, wajen cirewa a ƙare da shi. Na zura masa hagu, ya jawo rigar ta bayansa ya sa dama da kansa. Maɓallin farko ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Na miƙa hannu zan taimaka, Goggo ta buge mini hannu. Ya ɓalle huɗun duka. Sa'an nan ya ce a miƙo masa sandarsa. Ya fita ƙofar gida ya zauna a kan dakali cikin hantsi, maƙwabta suna tsayawa suna gaishe shi. Rabonsa da wurin tun farkon sanyi.

Akwai gargaɗi guda da ya wajaba in ƙara. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana wankuwa, yana bushewa da wuri, amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Mutum kamar Baba, wanda ɓarin jikinsa ba ya jin zafi sosai, yana iya ƙonewa bai sani ba. Saboda haka muka hana a ajiye kaskon garwashi kusa da shi. Kada kuma a goge irin wannan riga da dutsen guga mai zafi. A wanke ta da hannu, a shanya ta a kwance domin kada ta miƙe.

Ba zan ce muku riga ta warkar da babana ba. Hannun hagu bai dawo ba har yau, kuma ƙanena da yayana ne suke noman gonar. Yana shan maganin hawan jini kullum, ana auna jininsa a kai a kai. Amma yana tafiya da sandarsa har bakin gona ya ba da umarni. A hunturun 2024 maɓallan suka soma matse shi. Na sāke zagaya tef, na sami inci 38. Na farke ɗinkin gefe na ƙara ɗan ƙyalle mai faɗin inci ɗaya a kowane ɓari. Ban taɓa yin aikin da ya faranta mini rai kamar wannan ƙari ba.

Da na koma makaranta na ba Malama labari. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana ni ba tun ranar da na kawo awon falmaran. Ta ce, "Na tambaye ki, kin ba ni amsa. Gani ya kori ji."

Ya ku ƙannena da za mu bari a makarantar nan, wanda yake so ya koyi kwarashi, mace ko namiji, rigar nan wuri ne mai kyau na farawa. Ku sayi zarenku duka a lokaci ɗaya, gama launin rini yakan bambanta. Ku yi ƙyallen gwaji, ku ƙidaya kowane layi, kada ku ji tsoron warwarewa. Sannu ba ta hana zuwa. Amma kafin kome, ku je wurin wanda za ku saƙa wa ku auna shi da hannunku. Da yawa daga cikinmu muna da marar lafiya ko tsoho a gida, wanda muke gaisarwa daga bakin ƙofa mu wuce. In hutu ya zo, ku shiga ciki ku zauna, ku dube shi yadda yake a yau, ku tambaye shi inda ke masa ciwo.